Kujerar Moton Hassi Mai Nono

Ƴan matan da ke koyon ɗinki a rumfata, da samarin garejin da ke kusa da mu, sun sha faɗa mini cewa aikina ba wani aiki ba ne. Wai in hadari ya taso sai a sami leda a rufe kujerar moto, wato babur, in ruwa ya ɗauke a yaye, magana ta ƙare. Ba na musu da su. Amma tunda Allah ya sa na shiga yaƙi da jahilci da girmana har hannuna ya saba da alƙalami, bari in rubuta muku abin da na gani a wannan sana'a, ku karanta a natse. Sunana Rakiya. A nan Dogon Dutsi nake ɗinka rigar kujerar moto, tun babban ɗana yana bayana a goye, ga shi yau matarsa na goyon nata.

Kujerar moto abu uku ne a haɗe: farantin roba a ƙasa, soso a tsakiya, leda mai kauri a sama. Ledar kuke gani, ita kuke gogewa da tsumma ku ce ta bushe. Soson kuwa ba ku ganinsa, kuma shi ne mai shan ruwa. Zai sha ya yi shiru, rana ta fito ta gasa ledar har ta ƙona hannu, shi yana nan da ruwansa a ciki. Sai mutum ya zauna, nauyinsa ya matsa, sannan ya mayar masa da abin da ya sha. Na daɗe ina wannan aiki, amma har yau in na buɗe kujerar da ake rantsuwa ta bushe na matse ta, ruwa ya bi gwiwar hannuna, sai in ce Allah mai iko.

Aikin farko da na tsaya na kalla da kyau guga ne. Kawuna Arzika, ƙanen mahaifiyata, baduku ne daga wajen Lugu, ya dawo Dutsi da zama kusa da gidanmu. Salka yake ɗinkawa, da gugan robar cikin taya. Kun san zurfin rijiyoyin Arewa. Gugan da ke yoyo, kafin ya iso baki rabin ruwan ya koma ƙasa, mai ja ya sha wahalar banza. Gugan Kawu ba ya yoyo, shi ya sa makiyaya ke tahowa daga nesa su jira shi. Ƴaƴansa maza sun tafi cirani, idonsa ya fara rauni, sai ya zama ni ke zura masa zare. A lokacin ina da keken ɗinki, ina ɗinka ƴan rigunan yara.

Wata rana wani makanike ya kawo kujerar moto da ta yage, ya ce ko Kawu zai iya yi mata faci. Kawu ya cire ledar, ya juya ta, ya shafa cikinta da tafin hannu, ya daɗe yana shafawa. Sannan ya ce da ni, "Rakiya, taho ki diba. Wanga ai guga ne anka kife. In ya iya riƙe ruwa a ciki, zai iya tsare shi a waje."

Ya yanka sabuwar leda, ya ɗinka da hannu, ya birkice ta kamar ƙwarya, ya cika ta da ruwa, ya rataye a reshen bedin da ke ƙofar gida. Tun hantsi take rataye har aka kira azahar. Na yi ta zuwa ina leƙa ƙasanta. Tururuwa na wucewa a ƙarƙashinta da abincinsu, ƙasar a bushe ƙamas, ko ɗigo ɗaya babu. Ranar na ajiye rigunan yara na zauna kusa da shi.

Kayan aikin ba su da yawa. Basilla, almakashi, aska mai kaifi, alli, ƙaramar guduma, ƙananan ƙusoshi, zaren roba, da dunƙulen kakin zuma. Kakin nan shi ne babba a cikinsu. Ana jan zare a kansa har ya sha, sannan a huda rami wanda bai kai kaurin zaren ba, don zaren ya shiga da ƙyar ya toshe ramin da kansa. Kafin Kawu ya bar ni in taɓa ledar kirki, damina guda na yi ina ɗinka guntayen roba yana warwarewa. Ba ya faɗa. Zai bi ɗinkin da yatsa kawai, ya tsaya a wani wuri, ya miƙo mini aska. Shi ya koya mini kada ɗinki ya hau saman kujera inda ruwa ke kwanciya. A gefe ake saukar da shi, ledar sama ta rufe ta ƙasa, yadda ake jera ciyawa a jinkar rumbu.

Akwai wani ɗan kabu-kabu da ya kawo mini kujera farkon wata damina, ya ce, "Inna, a sa mini tauraro a tsakiya da jan zare, a rubuta sunan ɗiyata a ƙarƙashi." Na ce masa duk inda allura ta shiga, ruwa ya sami ƙofa. Ya ce shi dai tauraro. Muka daidaita na sa masa a gefe, ya tafi yana gunaguni, amma bai dawo da kukan jiƙa ba. Makiyaya kuma su buzu suke shimfiɗawa a kai. Da rani yana da daɗin zama, da damina kuwa gashin ya sha ruwa ya kwana da shi. Waɗanda ba su ba ni wahala su ne samarin ƴan kasuwar nan masu ɗage wando, don su ba su son ado ko kaɗan, baƙar leda sumul suke so, kuma ita ce ruwa ba ya samun wurin shiga. Kowa dai ina faɗa masa abu guda in zai tafi: kada ya ajiye moto ƙarƙashin indararo, kada ya yarda da gindin itace don itace na ci gaba da zubar da ruwa bayan sama ta ɗauke, kuma ya jingine ta a kan ƙafar gefe don ruwa ya gangara.

Shekarar da ta fi ba mu wuya, ruwa ya yi yawa, leda kuma ta yi ƙaranci. Wadda muke samu daga tsallaken iyaka ta daina shigowa, wadda ake kawowa kuma siririya ce, rana kaɗan sai ta tsattsage. Na koma bin tasha ina sayen tsohon tamfol na manyan motoci, ina yanke inda bai huje ba. Kawu a lokacin ya daina gani sosai, yana zaune a kan tabarma bayan rumfa, hannunsa kawai ke aiki.

A cikin wannan damina Hassi ta zo. Bafillata ce, tana zaune a bakin gari, mijinta ya yi arewa da shanu. Tana da ƴar moto irin ta mata, wadda ake kira roba-roba, ta hannu ta saya. Da ita take zuwa rugagen danginta a hanyar Tibiri ta ɗauko nono a jarka, ta kawo kasuwa. Da nonon take ciyar da gidanta har mijin ya dawo. Ba ta daɗe da haihuwa ba, kuma kowa ya ji naƙudar ta yi tsawo har sai da aka kai ta likita.

Ta tsayar da moto, ba ta sauka ba sai da mazan da ke rumfar suka watse. Da ta sauka na ga bayan zanenta a jiƙe, da wani wari mai tsami. Ta zauna a gefen benci ta yi ƙasa da murya.

"Inna Rakiya, an daina sayen nonona."

"Mi ya faru, ɗiyata?"

"Cewa suke haihuwa ta bar ni da yoyon fitsari. Wallahi lafiyata lau, na koma likita sun duba. Amma duk sa'ad da na sauka ga moto, ga abin da mutane ke gani. Iya Tabawa ta ce ba ta dama fura da nonon mai lalura. Tunda ta bari, sauran duk sunka bari."

Iya Tabawa ita ce babbar mai fura a bakin tasha, ita ke ɗaukar mafi yawan nonon Hassi, kuma abin da ta yi shi sauran mata ke yi. Ciwon da suke faɗa ciwo ne kamar kowane, yana da magani, bai kamata a guji mai shi ba. Amma kun san mutane da abin da za su sa a baki. Hassi ta ce jiya jarka biyu ta mayar gida suka lalace, kuma danginta sun fara cewa za su ba wata nonon.

Na buɗe kujerar. Ledar ta tsattsage ko'ina, soson kamar an tsamo shi daga tabki. Na ce wannan mai sauƙi ne. Na matse shi, na shanya a kan rufin kwano ina juya shi har ya yi sakayau. Na ɗinka sabuwar riga da tamfol, na cika ta da ruwa na rataye a bedi, ba ta ɗiga ba. Na buga rigar a kan kujerar da ƙusoshi, ta hau ta tafi.

Kasuwa ba ta zagayo sau biyu ba, sai ga Hassi ta dawo, zane a jiƙe, warin ma ya fi na da. Ta ɗaura wani tsohon zane a kan kujerar, ta zagaya shi ta ƙasa ta ƙulle. Na kwance, na duba ɗinkina, ko'ina lafiya. Na sake gwada rigar da ruwa, ba ta yoyo. Soson kuwa ya cika taf. Na tsaya riƙe da shi ina kallo. Riga ba ta huje ba, ruwa kuma ga shi a ciki. Ta ina?

Kawu ya ce daga bayan rumfa, "Miƙo mini shi nan."

Ya matsa da yatsa biyu, ya kai hanci, ya sake matsawa ya murza ruwan tsakanin yatsunsa. Ya ɗaga kai wajen da yake jin numfashin Hassi.

"Ke Bafillata, yaushe sama ta fara zubo da sabulu?"

Hassi ta ce, "Sabulu kuma, Baba?"

"Wanga ba ruwan sama ba ne. Ruwan rijiya ne da sabulu, da ɗan nono. Faɗa mini, yaya kike wanke ƙwaryar nono?"

"Ciki da waje mana. In ɗauraye, in rufe."

"Kujerar fa?"

Hassi ta kalli kujerar. Sannan ta ce tun ranar da aka fara maganar, kullum da safe in ta wanke ƙorai da jarkoki, sai ta ɗaga kujerar moton ta wanke ta sama da ƙasa da sabulu, don kada a ji wari. In ta dawo gida ta sake wankewa, ta naɗe ta da leda ta ɗaure tam saboda ruwan sama. Haka uwarta ta koya mata da kayan nono, abin da ya taɓa nono ba ya kwana ba wanki.

Nan na gane. Farantin ƙasan kujera yana da ƴan ramuka da aka bari don soso ya sha iska. Ta nan take ɗura masa ruwa da hannunta, sannan ta toshe shi da leda, ba inda zai fita. In ta zauna, ruwan ya matso ta gefe, tsohon zanen da ta ɗaura ya ja shi sama kamar lagwanin fitila, ya kai shi ga zanen jikinta. Yawan tsabtarta ne ke ƙara mata abin da take gudu. Ni da idona biyu ban gani ba, tsohon da ba ya gani ya ji da hanci.

Kawu ya yi dariya ya ce, "Ku Hillani, da shanu na wankuwa ciki da waje da kun gama da su." Hassi ta ce, "Ku Arawa kuma da kun san wanki, da ba ku gane warin sabulu daga nesa ba, baƙonku ne." Ranar na fara jin dariyarta.

Gyaran kujera ba wuya yanzu. Amma na ga ko na busar da ita, maganar da ta shiga kasuwa ba za ta bushe ba, za a ce ƙunzugu ta ƙara. Sai na mayar da soson yadda yake da ruwansa, na ɗaura tsohon zanen, na ce ta same ni bakin tasha ranar kasuwa. Na ɗauki filayar cire ƙusa da ƙwarya na tafi.

Iya Tabawa na zaune a bayan manyan ƙoranta, mata sun kewaye ta. Mace ce mai jiki, ba ta son tafiyar ƙasa. Na gaishe ta, na ce, "Iya, kujerar nan nake gyara, ina so in san ko tana ɗaukar nauyin manyan mata. Ki ɗan zauna mini a kai, ke ce ma'aunin garin nan."

Ta ce, "Rakiya, zagina kike da rana tsaka?" Amma ta tashi, don tana son a ce ita ce. Hassi ta riƙe mata kan moton, ba su kalli juna ba. Iya ta zauna, ta gyara zama, ta ce ai da daɗi. Na ja ta da hira kan tsadar gero, ta yi ta bayani tana jijjiga. Da na ga ya isa na ce ta sauka.

Ta juya za ta koma wurinta, sai wata mai ƙosai ta rufe baki da gyale. Wata ta ce, "Iya, diba bayanki." Iya ta kai hannu, ta shafa, ta kai hanci. Ta tsaya cik.

Mai ƙosan ta ce, "Ashe Iya ke ma kin haihu bana ba ki gayyace mu suna ba."

Ban bari dariyar ta yi tsawo ba. Na cire ƙusoshi a gabansu, na fito da soson, na matse shi a cikin ƙwarya. Ruwa ya yi ta zuba, fari-fari da kumfa, ga warin nan da kowa ya sani. Matan suka matso, kowa na son ta matsa da hannunta. Wata tsohuwa ta ce ita ba ta taɓa sanin abu zai bushe a ido ya riƙe ruwa haka a ciki ba, ta yi ta salati. Iya kuwa ta ja gefe. Ta ari zane wurin maƙwabciyarta ta shiga bayan rumfa.

Soson ya riga ya ruɓe a tsakiya, sabo kuma babu a kasuwa. Na yanko daga tsohuwar katifar da ke ɗakina, na fere shi da aska daidai siffar na farko. Na lulluɓe samansa da siririyar ledar da ke cikin buhun taki, na bar ƙasan a buɗe ya sha iska, na mayar da rigar tamfol. Da buhun kansa na ɗinka mata hula mai faɗi, na sa zaren robar taya a bakinta, sako-sako, yadda iska za ta shiga ta ƙasa. Na ce in ta ajiye moto ta sa hular, in ruwa ya ɗauke ta cire, in nono ya zuba ta goge da tsumma mai laima. Kawu ya ƙara mata da cewa, "Ƙwarya taki ce, ki wanke yadda kinka ga dama. Kujera kuwa tawa ce, na hana."

Kasuwar da ta biyo, an yi ruwa mai ƙarfi tun safe. Na rufe rumfa na je tasha don in ga aikina. Wajen hantsi sai ga Hassi ta ɓullo daga hanyar Tibiri, jarkoki a ɗaure, tayoyi duk laka. Farin zane ta ɗaura. Ta tsaya daidai gaban Iya Tabawa, ta sauka, ta ba su baya, ta yi ta kwance igiya a hankali, igiyar da ba ta da wuyar kwancewa. Zanen fari fat, a bushe. Matan duk suka zuba masa ido.

Iya ta tashi, ta zo ta danna kujerar da tafin hannu da dukan ƙarfinta, ta duba hannun. Sannan ta koma ta jawo babbar ƙwaryarta ta tura gaba.

"Bafillata, auna mini. Kuma kada ki ba ni mai ruwa irin na bara."

Hassi ta buɗe jarka ta fara zubawa. Ta ce, "Iya, nonona ba ya da ruwa. Ruwa dai a zanen wata munka gan shi."

Iya ta ɗaga ludayi kamar za ta buga mata, sauran matan suka jawo ƙoransu suka yi layi. Kafin azahar jarkokin sun koma gida wayam.

Kawu Arzika ya rasu daminar da ta biyo, Allah ya jiƙansa. Har ya bar duniya Hassi ba ta fasa ajiye masa ƙwaryar kindirmo ranar kasuwa ba, yana sha yana cewa sabulu ya yi yawa. Tana nan da motonta, ta canja hula ba adadi, rigar tamfol ɗin kuwa ita ce har yanzu. Reshen bedin ma yana nan a ƙofar gida. Duk wadda ta ga aikin da sauƙi a cikinku, ga leda ga basilla ga kaki. Ta ɗinka, mu cika da ruwa mu rataye, mu zauna tare mu ga ko tururuwa za su wuce a bushe.